Babi na Shida: Tsakanin Fili da Lokeshan

A shekarar 1990 Kano ta haifi tagwaye, sai dai ba wanda ya lura a lokacin, domin ba a gida ɗaya aka yi sunansu ba. A watan Maris ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da masu bin tarihin harkar, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, suke fara ƙirga kasuwar finafinan Hausa na kaset daga kansa. A cikin shekarar kuma aka haɗe ƙungiyoyin ƙwallo uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka tayar da Kano Pillars. Na farkon ya girma ya zama Kannywood, sunan da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa masa a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990. Na biyun ya zama Sai Masu Gida, ya ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014.

Masu kallonsu ɗaya ne. Saurayin da ya biya kuɗin shiga gidan kallo a Kofa ko Kwanar Ɗangora ranar Asabar don wasan Arsenal, shi ne dai za ka gani ranar Litinin ya miƙa wayarsa ga masu tura fim, a zuba masa Labarina ko Izzar So. Benci ɗaya, janareto ɗaya, sau da yawa ma talabijin ɗin ɗaya ce. To amma zauna ka lissafa mutanen da suka yi suna a fagen biyu a lokaci guda, wato ana kallonsu a fim a matsayin jarumai, kuma suna sa jesin babbar ƙungiya suna buga gasar ƙasa. Za ka daɗe kana sosa ƙeya.

Akwai ƙasar da wannan haɗin ba abin mamaki ba ne a cikinta, kuma sai mun leƙa can za mu fi gane abin da ke hana shi a nan.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 100. Sifaniya ta mulke ta fiye da shekara 300, sannan Amurka ta karɓe ta a 1898, ta bar mata Turanci da ƙwallon kwando. Har gobe ƙwallon kwando ne sarkin wasanni a can, sai dambe. Kuma mutanen ƙasar ba sa ganin aibu idan sananne ya tara sana'o'i. Manny Pacquiao ɗan dambe ne, ya yi waƙa, ya fito a fim, ya yi sanata daga 2016 zuwa 2022, a tsakani kuma ya buga ƙwallon kwando a babbar gasar ƙasar, yana ɗan wasa yana koci. Ƙwallon ƙafa kuwa ta daɗe a matsayin 'yar bora, ko da yake magoya bayan Barcelona na Tudun Wada za su so su ji cewa Paulino Alcántara, wanda ya riƙe tarihin yawan cin ƙwallaye a ƙungiyar tasu har sai da Messi ya wuce shi a 2014, a birnin Iloilo na Filifin aka haife shi a 1896. Yana ɗan shekara 15 ya fara buga wa Barcelona, da ya ajiye takalmi kuma ya kama aikin likita.

Abin ya juya ne a Disamban 2010, lokacin da ƙungiyar ƙasar, da ake kira Azkals, ta je Hanoi ta doke Biyetnam da ci biyu da nema, alhali Biyetnam ce ke riƙe da kofin yankin. Cikin waɗanda suka ci har da Phil Younghusband. Shi da yayansa James a Ingila aka haife su, uba Bature, uwa 'yar Filifin, kuma a makarantar horon matasa ta Chelsea suka taso. Phil ya ƙare da ƙwallo 52 a ƙungiyar ƙasa, ba wanda ya kai shi. Amma ba ƙwallayen kaɗai suka sayar da shi ba. Kamfanoni sun ga samari kyawawa masu jin Turanci, sai suka yi musu caa. Hotunansu suka hau manyan allunan talla na Manila, gidajen talabijin suka riƙa gayyatarsu, 'yan matan da ba su san bambancin bugun kusurwa da bugun tazara ba suka fara cika sitadiyam.

Da ƙofar ta buɗe, sai masu shigowa ta ɗaya ɓangaren ma suka samu hanya. Daniel Matsunaga a Brazil aka haife shi a 1988, yana da jinin Japan, tallan tufafi ne ya kai shi Manila. Ya shiga wasannin talabijin, ya lashe gasar Pinoy Big Brother a 2014, kuma ya buga wa ƙungiyoyin Kaya da Stallion a gasar United Football League. Jarumin fim, ɗan talla, ɗan ƙwallo, duk mutum ɗaya.

Sirrin yana cikin ita gasar. A wancan lokacin ba ta cikakkun ƙwararru ba ce, da yawa daga 'yan wasanta suna da wani aikin da suke ci da shi, kuma kusan duk wasanninta a yankin birnin Manila ake buga su. Mutum zai iya ɗaukar hoton talla da safe, ya je atisaye da yamma, ya buga wasa a ƙarshen mako, ya kwana a gidansa. Sannan ƙungiyoyin suna neman 'yan kallo ido rufe. Sanannen jarumi a cikin fili yana jawo kyamara, kyamara tana jawo masu ɗaukar nauyi. Ƙwallo ce ke aron suna daga fim.

A Kano ba haka lissafin yake ba. Pillars ba ta buƙatar kyakkyawar fuska kafin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya cika; an san ta da tara jama'a fiye da yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan. Ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ba za ta ba mutum jesi don ya iya kallon kyamara ba. Dubban yara ne ke layin wannan jesin, daga Fagge zuwa Riruwai. Wanda kuma ya samu, ya sayar da lokacinsa ke nan. Ƙungiya 20 ce a gasar ƙasa, wasa 38 a kaka, rabinsu a waje, yawanci kuma a mota ake zuwa: Aba, Uyo, Fatakwal, Ibadan. Tafiyar ma ba ta rasa haɗari. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri, 'yan wasa da dama suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. Mai irin wannan rayuwa ina ya ga makon da zai tare a lokeshan?

Shi ma furodusa ba zai so ba. Fim mai dogon zango yana ɗaukar watanni, kuma fitowar da aka ɗauka yau tilas ta dace da wadda za a ɗauka bayan kwana goma. Idan jarumi ya tafi wasan Lahadi ya dawo da targaɗe ko kumburarren leɓe, aiki ya tsaya, kuɗin hayar kyamara da masauki da abincin ma'aikata kuwa ba sa tsayawa.

Shi ya sa ko a Turai ba a cika haɗa su ba, sai dai a jera su. Eric Cantona ya bar Manchester United a 1997 yana ɗan shekara 30, sannan ya koma fim. Vinnie Jones ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988, sai bayan shekara goma ya fara fitowa a finafinai, kusan kullum a matsayin ɗan daba, wanda duk mai tuna yadda yake buga ƙwallo zai ce an zaɓi wanda ya dace. A Indiya, inda Kannywood ta koyo rawa da waƙa, jarumai ba su shiga fili ba, ƙungiyoyin suka saya. Da aka kafa gasar Indian Super League a 2014, John Abraham, wanda shi ma daga tallan tufafi ya shigo fim, yana da hannun jari a NorthEast United, Ranbir Kapoor a Mumbai City, Abhishek Bachchan a Chennaiyin.

Duk da haka, da rashin lokaci ne kaɗai matsalar, da tuni wani mai wayo ya raba ƙafa, ko da bayan ya daina buga wasa ne. Akwai abin da ya fi lokaci nauyi, kuma ban san inda ya fito fili kamar a watan Yulin 2016 ba.

A farkon watan Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila 'yan makonni kafin nan, ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kusan fam miliyan 16. Kano ta ɗauki abin nata ne. Haifaffen Jos ne, amma a Pillars ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar. Ba majalisar da ba a yi murna ba.

A cikin watan kuma Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta sanar cewa gwamnatin tarayya za ta gina alƙaryar shirya finafinai a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin. An yi maganar naira biliyan 3 da fili mai faɗin hekta 20. Za a yi wurin koyar da aikin kyamara, da ɗakin taro, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da otal, da shaguna, da asibiti. Cikin jerin gine-ginen har da filin wasa. Da an yi, da a karon farko tagwayen nan sun zauna a gida ɗaya, kuma a kudancin Kano.

Ba a kai ga aza tubali ba. Malamai da dama suka yi huɗuba a kai, kafafen sada zumunta suka ɗauka, aka ce za a kawo matattarar baɗala a ajiye a ƙofar gidan mutane. Kafin watan ya ƙare, mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin majalisa, Kawu Sumaila, ya bayyana cewa Shugaba Buhari ya ji koken jama'a, an fasa. Shi kansa Jibrin a watan ne ya rasa kujerar shugaban kwamitin kasafin kuɗi, rigimar cushe a kasafi ta ɓarke, hankalinsa ya koma can. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙa. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu kuwa, Shehu Abdullahi, Basakkwace tsohon ɗan Pillars, ya dawo daga gasar Olamfik ta Rio da lambar tagulla, aka yi ta sa masa albarka.

Ba na cikin masu cewa tsoron malamai da iyaye ba shi da tushe. Wanda ya ga abin da ya faru a 2007, lokacin da bidiyon tsiraicin wata jaruma ya bazu a wayoyi, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabancin Hukumar Tace Finafinai, aka ɗaure wasu 'yan fim har da Adam A. Zango, ya san raunin bai gama warkewa ba a 2016. Gwamnati kuma ta yi sakaci: ta sanar da aiki daga sama ba tare da ta zauna da masu unguwanni da limaman yankin ba, ta kuma sa otal a gaba-gaban jerin, kamar mai neman a ƙi. Amma a yi adalci a ɗaya gefen. Soke aikin bai hana a ɗauki ko fitowa ɗaya ba. An ci gaba da yin fim a gidajen haya da otal-otal na cikin birni, inda sa ido ya fi wuya. Waɗanda suka yi asara su ne birkila da kafinta da mai sayar da abinci da ɗan acaɓa na Kofa da kewayenta.

Me ya sa ɗaya ake sa masa albarka, ɗaya ake neman tsari da shi? Ba batun suturar jiki ba ne kawai, domin ɗan ƙwallo da gajeren wando yake fita gaban dubban mutane, jarumin fim kuwa da babbar riga da hula. Ba kuma batun ɓata lokaci ba ne, tunda wasan Real Madrid da Barcelona ya sha cinye wa mutane Magariba da Isha. Bambancin shi ne mace. Ƙwallon da Kano ta sani harka ce ta maza zalla: maza a fili, maza a benci, kusan maza zalla a wurin zaman 'yan kallo. Fim kuwa ba ya yiwuwa sai da mace, kuma labarin da ya fi ciniki tun daga Sangaya da Wasila labarin soyayya ne, namiji da mace suna kallon juna suna waƙa. Abin da Manila take sayarwa a jikin Matsunaga, wato saurayin da 'yan mata za su yi ta ihu idan ya fito, shi ne daidai abin da Kano take ɗaure wa fuska. Ɗan ƙwallon da ya shiga fim a can ƙari ya samu. A nan zai ɗauki mutuncin da ya tara a fili ya kai shi inda za a iya zubar masa da shi a rana ɗaya.

Kada kuma a ɗauka ƙwallo da mutuncinta aka haife ta. Dattawan da suka taso a shekarun 1970 da 1980 za su ba ka labarin bulalar da suka sha a kanta. Wasan yaran da ba su da aikin yi ne, mai raba yaro da allo da gona. Ko lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, ba uban da ke addu'ar ɗansa ya zama ɗan ƙwallo. Sunayen ƙungiyoyin ma sun nuna yadda abin yake: WRECA hukumar aikin ruwa ce, Bank of the North banki ne, ƙwallon reshe ce a jikin wata ma'aikata. Abin da ya canza ra'ayin iyaye shi ne gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da yaran Kaduna da suka dawo da zinare, irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, suna jin Hausa, suna karɓar albashi da kuɗin Turai. Daga baya Ahmed Musa ya ƙarasa aikin. Ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya gina cibiyar wasanni da motsa jiki a Kano, ya yi suna da rabon abinci da taimakon mabuƙata. Kuɗi da kyauta suka wanke ƙwallo tas. Ko da Sani Kaita, ɗan Kano, ya karɓi jan kati a wasan Girka a 2010, Nijeriya ta sha kashi, an zage shi iya zagi, amma ba wanda ya hau mumbari ya ce ƙwallo na ɓata tarbiyya.

Kuɗin fim bai taɓa kai wannan matsayi ba. A daidai lokacin da ya fara kauri, satar fasaha da tura finafinai a waya suka karya kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, a tsakiyar shekarun 2010. Sai da tashar Arewa24 ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, YouTube kuma ya fara biyan masu dogon zango, sannan masana'antar ta sake miƙewa.

Kudancin Kano yana da tsohuwar alaƙa da fim, ko da yake alaƙar baƙo da masauki ce. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yana cikin Bebeji, kuma ruwansa da duwatsunsa sun daɗe suna jan masu ɗaukar waƙoƙin fim. A zo da motoci da safe, a yi rawa a bakin ruwa, a koma birni. A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an kafa cibiyoyin koyar da sana'o'i sama da ashirin a faɗin jihar. Ta fim a Tiga aka ajiye ta, ta wasanni a Karfi cikin ƙaramar hukumar Kura, ta gyaran tarbiyyar matasa a Kiru. Da yawansu sun daina aiki bayan canjin gwamnati, har sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo da batun farfaɗo da su. Sannan ga hanyar Jos, wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa. A ƙarshenta akwai hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, akwai jami'ar da jarumi Ali Nuhu ya karanta labarin ƙasa, akwai unguwannin da suka fitar da Ahmed Musa da Mikel Obi. 'Yan fim da 'yan ƙwallo sun yi shekaru suna bin wannan hanya tsakanin Kano da Jos, abin da yankin ke samu a wurinsu bai wuce cinikin rake da gasasshiyar masara ta tagar mota ba.

Ga yaron da ya taso a nan, hanyoyin biyu ba tsawonsu ɗaya ba. Ƙwallo tana da matakala da ake gani. Akwai filin firamare bayan la'asar, akwai ƙungiyar unguwa da kocinta wanda galibi ba a biyansa ko sisi, akwai kofin da ciyaman ko ɗan takara ke sawa idan zaɓe ya ƙarato, akwai gasar matasa ta Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala, akwai makarantun ƙwallo na cikin birni, daga nan sai gwaji a babbar ƙungiya. Yawanci ba sa kai ko rabin matakalar. Damina tana cinye musu watannin atisaye, domin mai shinkafa a Tudun Wada ko mai masara a Doguwa ba zai saki ƙaton ɗa ya tafi buga ƙwallo ranar noma ba. Ga kuma 'yan damfara da ke karɓar kuɗin gona da sunan za su kai yaro gwaji Turai. Amma aƙalla uba zai iya zuwa bakin fili ya ga abin da ɗansa ke yi, ya ji ana kiran sunan gidansu.

Fim ba shi da irin wannan matakala a ƙauye. Mai so sai ya tattara ya koma birni, ya riƙa zarya a ofisoshin Titin Gidan Zoo, ya zama yaron wani furodusa ko darakta, ya ɗauki jaka da fitila shekara da shekaru kafin a ba shi fitowa biyu. Ya yi nisa da idon iyaye, kuma duk abin da aka ji game da 'yan fim a rediyo, a kansa za a sauke a gida. Rabilu Musa Ibro, wanda ya fito daga Ɗanlasan ya zama sarkin barkwanci har rasuwarsa a Disamban 2014, ya nuna ɗan ƙauye zai iya, amma shi ma sai da ya fara aikin gandiroba kafin wasan ya riƙe shi.

Wayar hannu ta ɗan rage wannan nisa. Yau samari huɗu da waya ɗaya mai kyamara za su shirya gajeren barkwanci a bayan gari su ɗora a TikTok ko YouTube, ba su nemi izinin kowa a Titin Gidan Zoo ba. Galibi kuma maza ne zalla, idan labari ya buƙaci mace sai ɗayansu ya ɗaura zane ya yafa gyale, kamar yadda 'yan wasan daɓe suka saba tun da. Su ɗin ne kuma za ka gani a fili da yamma. Idan ana neman ɗan wasan kwaikwayo mai buga ƙwallo a ƙasar Kano, a wannan matakin yake da yawa, inda babu albashi a ko wanne ɓangare, babu kuma abin da zai jawo huɗuba.

A sama kuwa, inda suna da kuɗi suke, haɗuwar ta gefe-gefe ce. 'Yan Kannywood suna da son ƙwallo kamar kowa, sukan haɗa tawaga su buga wasan sada zumunci ko na neman taimako, jama'a su cika fili don su ga jarumin da suka saba gani cikin shadda yana haki. Akwai auratayya: Tijjani Babangida ya auri Maryam Waziri, wadda ta fito a Laila cikin Labarina, a 2021. Akwai kuma talla, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ake yi a Manila, sai dai an musanya hajar. Can jiki ake nunawa, nan sutura. Ali Nuhu da Sani Danja sun yi wa kamfanin Glo jakadanci, kuma duk mai bin shafukan jarumai a Instagram ya san rabin abin da ke ciki tallan shadda ne da atamfa da turare da filaye. Ga jarumai da yawa wannan ne abincin yau da gobe, fim ɗin shi ke riƙe fuskar a idon mutane don tallar ta yi daraja.

Misali mafi kusa da wanda muke nema yana gidan Ali Nuhu ne. Ɗansa Ahmad ya fito a finafinai tun yana ƙaramin yaro, masu kallo suka san shi, ƙofar da dubban matasa ke ƙwanƙwasawa a buɗe ya same ta. Da ya tasa sai ya karkata ga ƙwallo, mahaifinsa kuma ya mara masa baya. A lura da inda kibiyar ta nufa. Cantona da Jones daga fili suka tafi gaban kyamara. Ɗan sarkin Kannywood daga gaban kyamara ya nufi fili, kuma ya yi hakan da wuri, domin fim zai jira mutum har ya yi furfura ya fito a uban yarinya, ƙwallo kuwa idan ka wuce shekara ashirin ba ka kama layi ba, ta tafi.

Manyan fuskokin fagagen biyu yanzu duk sun shiga ofis. A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wato hukumar da ta sanar da aikin Kofa shekara bakwai da rabi kafin nan. Ahmed Musa, bayan Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya tafi Turkiyya, ya sake dawowa a 2024. A Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta ba shi babban manajan ƙungiyar, bai kuma ajiye takalminsa ba a lokacin. Ranar wasa sai ya sa jesi ya jira koci ya ce masa shiga ko zauna, kocin da idan an koma ofis ranar Litinin, a ƙarƙashinsa yake.